Wai ina badalar da za mu nuna wa yaranmu?

Jama'a dan Allah ku bar ni in faɗi abin da ke cina, sabida wallahi raina a ɓace yake. Badalar Kano, wato ganuwar birni, tana ƙarewa a kan idonmu kuma kowa ya yi gum.

A hutun makarantar nan na ɗebi yarana da na yayata da suka zo daga Kaduna, na ce duk da tsadar man nan bari in cika tanki mu zaga wuraren tarihi, mu faro daga gida mu bi ta Kazaure mu je Daura su ga rijiyar Kusugu, mu ƙarasa Katsina su ga hasumiyar Gobarau. Can ɗin Alhamdu lillahi, sun leƙa rijiya an ba su labarin Bayajidda da macijiya, sun ga Gobarau ginin ƙasa tana nan a tsaye. Akwai dai wani wurin ajiye kayan tarihi a hanya, ba zan kama suna ba, da muka tarar da ƙofa a garƙame wai mai makulli ya fita, muka yi ta jira cikin rana da yara, ba wurin zama ba banɗaki, har muka haƙura. Wannan ma da sauƙi. A Kano aka ba ni kunya.

Mun ɗauko titin BUK tun daga Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya har Kabuga, ina tuƙi ina ba su labarin yadda Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginin ganuwar nan, Muhammadu Rumfa ya zo tsakanin 1463 da 1499 ya faɗaɗa ta, da yadda a 1903 sai da Turawa suka sa igwa kafin su samu shiga ta wajen Kabuga, sai ɗan yayata ya ce "Kawu to ina ganuwar take?" Me zan nuna masa? Shaguna, katangun bulo, wuraren sayar da motoci, can ka hango ɗan tudun ƙasa ruwa ya zaizaye shi an mai da gindinsa bola. An yanka fuloti a jikin badala an sayar, wasu sun ɗebi ƙasarta sun yi gini, kududdufan da ke gefenta da suke shanye ruwan sama an cike su an ɗora benaye, shi ya sa yanzu ruwa kaɗan za a yi titi ya cika, sannan a zo ana cewa ƙaddara ce. Wace ƙaddara? Mutane ne suka sa hannu a takarda, mutane suka biya kuɗi suka saya, kuma duk ƴan garin nan ne.

Ƙofar Na'isa ma ai a 2010 aka rushe ta dan a faɗaɗa titi, wadda ke wurin yanzu sabon gini ne. Tun 2007 ganuwar nan take cikin jerin jiran shiga wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO, har yau ba ta shiga ainihin jerin ba, to wa zai karɓi abin da masu shi suke cinyewa?

Muka hau Dala. Nan fa Kano ta faro, nan Barbushe ya zauna da tsafin Tsumburbura, daga sama kana ganin Gwauron Dutse da birni gaba ɗaya. Amma tun daga matakala wari ke tarbarka, ledoji ko'ina, wasu sun mai da gefen dutsen wurin bahaya, gidaje sun matso har gindinsa, kuma ban ga allo ko ɗaya da baƙo zai karanta ya san inda yake tsaye ba, sai yaran unguwa ne ke binka kowa da irin nasa labarin a ba shi na alawa. Haba jama'a! A marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take, dattawan nan na ta fama da baba da toka, amma ramuka da yawa sun bushe shara ta cika su.

A da aikin gayya ake yi wa badala, a fito a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe. Maginan gargajiya ba su ƙare a garin nan ba. Masu iko da abin nan ku ji tsoron Allah ku daina ba da fili a jikin ganuwa, guntayen da suka rage a kewaye su, a kira maginan nan a biya su su gyara kafin damina ta sauka, a sa masu gadi da masu shara a Dala, a yi banɗaki, a kafa alluna da Hausa da Turanci.