Karatun intanet ga ma'aikatan jinya: a ba su lokacin yin sa

Duk ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a Najeriya ta san lasisinta na ƙarewa bayan shekara 3, kuma hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa (NMCN) ba ta sabunta shi sai an kawo shaidar ƙaro ilimi. A da sai an bar aiki a tafi babban birnin jiha a zauna a zauren taro. Yanzu ana iya yin kwas ta waya, amma har yau ra'ayin ma'aikatan a kansa a rabe yake.

Ana yawan cewa manyan nas-nas tsoron fasaha suke yi. Ban yarda ba. Matar da ke tura kuɗi ta waya, take karɓar jadawalin aiki ta WhatsApp, me zai ba ta tsoro a kallon darasi? Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne lokaci. A farkon 2024 NMCN ta ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Waɗanda suka rage su ne ke ɗauke da aikin waɗanda suka tafi. Wadda ta kwana tsaye a ɗakin haihuwa, ta dawo gida ta tarar da girki da yara, ita ake cewa ta buɗe waya ta yi karatu. Da datarta kuma, bayan hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ga rashin wuta, ga sabis da ke ɗaukewa.

Abin da hakan ke haifarwa ya fi damuna. Gajiya kan sa wasu su miƙa wa ƙani ko yaron kafe wayar, ya yi ta dannawa har satifiket ya fito. Lasisi ya sabuntu, ilimi na nan inda yake, majinyaci kuma shi zai kwana a ciki.

Duk da haka ina goyon bayan wannan karatu. Ungozomar da ke asibitin karkara a Zamfara ko Katsina, ga goyo, ga hanya mai haɗari, rahama ce gare ta ta koyi sabon abu ba tare da ta hau titi ba. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, saurin isar bayani ga ma'aikaci na da alaƙa kai tsaye da ran yaro.

Sai dai masu cewa jinya aikin hannu ce suna da gaskiya. Dubi zubar jini bayan haihuwa, babban makashin mata masu haihuwa. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Jami'ar Bayero ta Kano na ciki, ya nuna cewa auna jinin da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, tare da haɗa matakan magani gaba ɗaya nan take, ya rage mummunar zubar jini da illolinta da kusan kashi 60 cikin 100. Bayanin matakan za a iya koyonsa a waya. Murza mahaifa da aiki tare cikin gaggawa kuwa, sai an gwada a gaban gwani, an yi kuskure an gyara.

Don haka a haɗa biyun. Ma'aikatun lafiya na jihohi su ware sa'o'in karatu a cikin jadawalin aiki, a sa intanet da hasken sola a ɗaki guda na asibiti, a yi darussan da za a iya saukewa a kalla ba data. Kowane kwas na aikin hannu a rufe shi da gwaji a gaban shugabar ɗakin jinya kafin a ba da shaida. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa (NANNM) kuma, duk lokacin da ta zauna da gwamnati kan albashi da alawus, ta sa lokacin karatu da kuɗin data cikin jerin buƙatunta.