Ranar da Na Gaida Surukata da Hannu a Cikin Durowa

A kicin ɗinmu da ke Fadaman Mada a Bauchi akwai wata durowa ta sama, daura da murhun gas, wadda kafinta ya yi domin cokula da wuƙaƙe, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta zama masaukin duk wani abin da aka rasa inda za a ajiye shi. A cikinta akwai ludayi da mara da koshiya, akwai ashana da guntayen kyandir, akwai ledojin da aka ninke tun daga Kasuwar Wunti da niyyar za a sake amfani da su, har da murafen robobin da su kansu robobin sun daɗe da ɓata. Na sha yi wa uwargida wa'azi a kan wannan tarkace, ita kuwa ba ta taɓa ba ni amsa ba sai murmushi, wanda a lokacin na ɗauka na amincewa da laifi ne.

Wata Asabar ce a cikin watan Agusta, damina ta kankama, kuma Hajiya, mahaifiyar uwargida, tana kan hanya daga Azare. Tun daren Juma'a aka jiƙa shinkafa, aka kai niƙa, aka sa yis, ƙullun masa ya kwana ya tashi yadda ake so, domin ba a tarbar baƙo na kirki a Bauchi ba tare da masa da miyar taushe ba. An ɗora tanda a wuta, an zuba mai, an zuba ƙullu a gurabe, sai uwargida ta ja durowa don ta ɗauko koshiyar juyawa, durowa ta buɗe kamar faɗin yatsu uku ta tsaya cak.

Ta leƙo falo ta ce, “Malam, ko za ka kira kafinta? Durowar nan ta ƙi buɗuwa.”

Na ajiye waya na ce ai abin kunya ne a ce da namiji a gida a kira kafinta saboda durowa, na kuma ƙara da cewa daman na faɗa ranar nan tana zuwa. Baki shi ke yanka wuya.

Da farko na ja a hankali, sai na ji wani abu ya ce ƙwas daga ciki, wato wani dogon abu ya miƙe tsaye ya tokare katakon da ke saman bakin durowar. Yanzu na san cewa duk ƙarfin da mutum ya sa wajen ja, ƙara ƙanƙame abin yake yi, amma a lokacin ban tsaya wannan lissafi ba. Na dafa kabad da ƙafar hagu, na kama mariƙi da hannu biyu, na yi bismillah na fizga. Mariƙin ya biyo ni, durowar ba ta biyo ni ba, na tafi da baya har na zauna daɓas kusa da buhun gawayi. Da na tambayi inda sukundireba take don in mayar da mariƙin, sai auta ta ce, “Abba, ai tana cikin durowar.”

Na lanƙwasa hangar ƙarfe na zura ta kafar, na yi ta lalube kamar mai kamun kifi a dam ɗin Gubi, abin da na samu kawai shi ne leda uku da wani batir da ya mutu. Muciya kuwa ta yi kauri, ta ƙi shiga. Ana cikin haka ƙaurin masa ya cika kicin, uwargida tana ƙoƙarin juya ta da cokalin shayi tana ƙona yatsu, ba ta ce mini uffan ba, kuma wannan shiru ya fi zagi zafi.

Daga nan ne na yanke shawarar da ta kai ni ƙasa. Na durƙusa, na tura hannun dama ta kafar har wuyan hannu, ba tare da na cire agogo ba. Yatsuna sun taɓa abin da ya tokare, na ji shi zagaye da sanyin ƙarfe, amma kafin in danna shi sai ƙirjina ya tura durowar ciki, katako ya danne agogon, hannu ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin a daidai wannan lokaci ne na ji sallamar Hajiya a tsakar gida.

Duk Bahaushe ya san cewa suruki ba ya gaida surukarsa a tsaye, kuma ta wannan fuska kaɗai Allah ya rufa mini asiri, tunda ta same ni a durƙushe. Na sunkuyar da kai na ce, “Hajiya, barka da zuwa, an zo lafiya? Ya hanya?” Ta amsa tana kawar da kai, ta sa mini albarka, ta tambayi aiki da damina, ni kuma ina ta amsawa da “Alhamdu lillahi” alhali gumi yana zuba daga haɓata. Gaisuwa ta ƙare, ban tashi ba. Ta sake sabuwar gaisuwa, wataƙila tana zaton ladabi ne ya yi mini yawa, ita ma ta ƙare, ban tashi ba. Sai auta, wadda ba ta san rufin asiri ba, ta ce, “Hajiya, durowa ce ta kama shi.”

Hajiya ba ta yi dariya ba, kuma saboda kunya ba ta yi mini magana kai tsaye ba. Ta dubi 'yarta ta ce, “Ki ce wa maigidan naki ya saki jikinsa, ki zuba masa man gyaɗa a wuyan hannu.” Da ludayin man suyar masa aka 'yanto ni, agogo yana naso. Sannan ta sa aka zare durowar ƙasa gaba ɗaya, ta tura ta saman ciki har ƙarshe, ta sa hannu ta ƙarƙashi ta bugi gindinta da tafi sau biyu. Muka ji abin ya faɗi ya kwanta, ta sa yatsa ta jawo, durowa ta fito. Ta ɗauki guntun kyandir ta goga a gefunan katakon, tana gaya wa 'yarta cewa da damina katako yakan sha danshi ya kumbura, shi ya sa ake goga masa kyandir ko busasshen sabulu.

Abin da ya tokare durowar kuwa babbar tocilata ce, wadda ni da kaina na cusa a daren jiya da aka kawo wuta, na kuma tuna sarai yadda na tura durowar da ƙugu har ta rufe. Uwargida ta ɗaga tocilar ta dube ta, ta dube ni, ta yi irin murmushin nan nata, ta miƙo mini da hannu biyu cikin girmamawa.

Masar farko da ta ƙone ni aka zubo wa, na cinye ta tas ban nemi ƙarin miya ba. Sukundirebar ba ta cikin durowar, sai bayan kwana biyu na tsince ta a but ɗin motata, kuma har yau da wani zaren buhu da na ɗaura a ramin mariƙin muke jawo durowar.