Yadda Mai Awara Ta Riga Ni Sanin Abin da Matata Za Ta Haifa

Uwargida ce ta gano abin a TikTok. Wai turawa idan ciki ya kai wata biyar, an yi sikanin an ga jinsin jariri, sai su tara dangi a fasa balan-balan: in shuɗi ya zubo namiji ne, in ruwan hoda ne mace. Na ce mata mu fa a gidanmu ko kalmar ciki ba a furtawa a gaban Hajiya, sai dai a ce wance ba ta jin daɗi, a yi ta rashin jin daɗin nan har wata tara. Ta ce ai zamani ya canja. Mai juna biyu kuwa ba a musu da ita, duk wanda ya taɓa fita neman agwaluma da sha ɗayan dare ya san haka.

A asibiti ta roƙi mai sikanin kada ya faɗa mana, ya rubuta a takarda ya liƙe. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta. Na kai takardar wajen wata mai kayan kwalliyar biki a Zoo Road, ta juya baya ta karanta, ta ɗura garin kala a cikin wata baƙar balan-balan mai girman randa, ta hura mata iskar nan da ke sa ta tashi sama. Kuɗin da ta karɓa ba zan faɗa ba, don Baffana yana Facebook.

Motata tana wajen bakanike, sai na tari adaidaita sahu zuwa gidanmu a Gwammaja, inda za a yi taron bayan la'asar. Balan-balan ta ƙi shiga, dole na riƙe ta rabi ciki rabi waje. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga baƙin abu da shan rana. Daidai Kantin Kwari muka maƙale a cunkoso, tana ta ƙara kumbura ina ta lallaɓa ta.

Fam!

Direba ya saki kan mashin yana salati, ya ɗauka taya ce. Dattijon da ke gefena ya dire ƙasa da takalmi ɗaya. 'Yan dako biyu suka yar da dilar atamfa suka yi ta kansu. Da ƙurar ta lafa, ni da farar shaddata, da hulata, da gemuna, har da ƙeyar direba, duk mun koma ruwan hoda. Ina cikin tari sai wata yarinya mai tallan awara ta leƙo ta ce, "Laa, Kawu, mace ce! Allah ya raba lafiya."

Direba ya ce shi bai san wata mace ba, kuɗin wankin kujera ya sani.

Na shiga gida da sallama, ƙannena mata sun jeru da wayoyi suna jiran balan-balan. Suna ganina suka fasa ihu da guɗa, an gama taro ke nan tun daga soro. Ita kuwa mai gayya mai aiki, tun da ta ga Gwaggo da Inna sun shimfiɗa tabarma kunyar ɗan fari ta taso mata, ta zunduma hijabi har ƙasa ta shige ƙuryar ɗaki. Zamanin da ya canja bai kai tsakar gidanmu ba.

Hajiya ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Kai kuma tashe kake yi ba azumi ba?"

Na durƙusa ina kame-kame, don ni ma bakina ya ƙi furta kalmar. Autarmu ce ta fassara. Gwaggo ta tafa hannu ta ce Allah kaɗai ya san abin da ke cikin mahaifa, ta kawo labarin maƙwabciyarta da na'ura ta ce wa mace, aka haifi ƙaton namiji, ya yi arba'in cikin riguna masu fulawa. Daga soro wani ƙanen babanmu ya ɗaga murya ya ce na yi sa'a, ragon suna ɗaya ne na mace, biyu na namiji. Baffa ya ce a Malikiyya ɗaya ne ko mace ko namiji, saboda haka babu ragin da na samu. Suka kaure da musu, suka cinye cincin ɗin taron a kai.

Hajiya dai ba ta ce uffan ba sai da ta gama ɓare goronta.

"Au, duk wannan ɓarnar kuɗin don a gaya mini an yi mini kishiya? Ni da nake jiran ango. Ai da ka tambaye ni, tun watan jiya na gane daga tafiyarta."

Ta ce tunda kishiya ce, to sunanta za a sa, a riƙa kiranta Ummi. Na ce to, Hajiya. Ban ƙarasa wanke gemuna ba waya ta yi ƙara, surukata ce daga Hotoro. Bidiyon ƙannena ya riga ya isa can. Ta yi mini barka, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce ba wai tana neman komai ba ne, amma a duk jikokinta har yau ba a yi mata takwara ba. Na ce to, Umma.