'Yan Romaniya a Italiya: Takarda, Hutun Lahadi da Aikin Sa Kai

Jama'a, yau ina so mu leƙa Italiya mu dubi 'yan Romaniya da ke zaune can. Sun haura mutum miliyan ɗaya, su ne baƙi mafi yawa a ƙasar, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk baƙin da ke da rajista. Ra'ayina a kan zamansu shi ne, mutum kan shekara ashirin a gari bai zama ɗan gari ba, har sai sunansa ya shiga jerin waɗanda ake bugo wa waya idan ruwa ya ci unguwa ko jini ya yanke a asibiti. Aikin sa kai ne ke shigar da suna cikin wannan jeri. Sai dai yana da ƙa'ida, kuma da yawa sun sha wuya don sun fara ta inda bai kamata ba.

Bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci ta Ceaușescu a Romaniya a Disambar 1989 masana'antu suka yi ta durƙushewa, mutane suka fara ficewa. A 2002 aka cire musu biza ta shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, a ranar 1 ga Janairun 2007 Romaniya ta shiga Tarayyar Turai, sai ƙofa ta buɗe. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 23 a 1990 ta dawo miliyan 19 a ƙidayar 2021, ƙaura da ƙarancin haihuwa suka haɗu suka zaftare ta. Italiya ta ja su ne saboda harsunan biyu duk daga Latin suka fito, cikin 'yan watanni mutum ya fara cin kasuwa da Italiyanci. Maza suka shiga gini da gona da tuƙin manyan motoci, mata kuwa suka shiga gidaje suna jinyar tsofaffi, aikin da a can ake ce wa mai yinsa badante.

Kafin a yi maganar taimakon kowa, takarda ce farko. Ana fara karɓar lambar haraji, codice fiscale, a ofishin Agenzia delle Entrate, don babu kwantiragin aiki ko hayar ɗaki ko asusun banki sai da ita. Wanda zai wuce wata uku dole ya yi rajistar zama a ofishin ƙaramar hukuma, ya nuna shaidar aiki ko shaidar yana da abin riƙe kansa da inshorar lafiya. Daga nan 'yan sandan ƙaramar hukuma kan zo gida su tabbatar da gaske nan yake kwana, shi ya sa ake cewa a rubuta suna a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙa. Idan sun zo ba su ga suna ba, magana na iya komawa baya. Sai rajistar lafiya a ASL, wato hukumar lafiya ta yanki, a karɓi kati a zaɓi likitan iyali. Inda abin ke lalacewa shi ne aikin bayan fage. Iyalin tsohuwa su ce za su ƙara ɗan kuɗi a hannu idan aka bar zancen kwantiragi, mai jinyar ta yarda don yaranta na jiran kuɗin makaranta a gida. Shekara takwas ta wuce, ba a zuba mata ko sisi a asusun fansho na INPS ba, babu rajistar zama. Ran da tsohuwar ta rasu, aiki da ɗakin kwana suka tafi tare. Waɗannan shekarun kuma ba sa shiga lissafin neman zama ɗan ƙasa, wanda ga ɗan Tarayyar Turai shekara 4 ne na zama da rajista, tare da shaidar iya Italiyanci a matakin B1, wato matsakaicin mataki. (Ɗan Najeriya ko Nijar da ke karanta wannan ya lura, nasa lissafin daban ne: sai da izinin zama, kuma shekara 10.)

Abu na biyu lokaci ne, kuma a nan nake so mu daɗe. Kwantiragin ƙasa na masu aikin gida ya ce mai kwana a gidan aiki ba za ta wuce awa 54 a mako ba, tana da hutun awa 36 a mako, awa 24 ranar Lahadi da awa 12 a wata rana, da awa biyu kullum da rana. A takarda ke nan. A zahiri matar da ke jinyar mai ciwon mantuwa tana tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ta sauya zanen gado, ta lallashi tsohon da ke neman matarsa da ta rasu tun da daɗewa, gari ya waye ta ɗora tukunya. Yaranta na can wani ƙauye kusa da Iași ko Bacău a Romaniya, a hannun kaka, a waya kawai take ganin girmansu. Likitocin ƙwaƙwalwa a gabashin Turai har suna kiran abin da ke samun irin waɗannan mata ciwon Italiya: rashin barci, fargaba, baƙin ciki mai nauyi, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Socola da ke Iași ya karɓi da yawa daga cikinsu bayan sun koma. To wadda ke cikin wannan hali, kada kowa ya ɗora mata wa'azin aikin sa kai. Taimakon farko da ƙungiya za ta yi mata shi ne ta raka ta ofishin patronato, inda ake duba haƙƙin ma'aikaci, a ƙwato mata Lahadinta.

Ku je tashar Anagnina a birnin Rum ranar Lahadi ku ga yadda wannan hutu ke tafiya. Ƙananan bas-bas masu zuwa Romaniya a jere, direba da sikeli yana auna kwalaye, kowane kwali an naɗe shi da salatif an rubuta sunan gari da lambar waya, ciki taliya da man zaitun da kofi da takalman yara. A gefe mata na musayar labarin inda ake neman mai jinya da iyalin da ba sa biya a kan lokaci. Wannan ma taimakon juna ne, kuma shi ya riƙe mutane tun kafin a yi wata ƙungiya.

Akwai dalilin da ya sa kalmar sa kai ba ta yi wa dattawansu daɗin ji. A zamanin kwaminisanci akwai abin da ake kira aikin kishin ƙasa, inda ake kwasar ɗalibai da ma'aikata a kai su tonon dankali da girbin masara da kaka, ko sharar titi ranar hutu, wai da son ransu, alhali wanda ya ƙi ya san abin da zai biyo baya. Alƙaluman 2015 na Eurostat, hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai, sun nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na mutanen Romaniya ke aikin sa kai ta hanyar ƙungiya, mafi ƙaranci a Tarayyar Turai. Wannan ba rowa ba ce. Ƙauyukansu sun san clacă, irin gayyarmu, inda ake taruwa a yi wa mutum girbi ko a ɗora masa rufin ɗaki. Ƙungiya mai fom da shugaba ce suka daina yarda da ita.

Shi ya sa yawanci daga coci ake farawa. Cocin Otodoks na Romaniya yana da majami'u sama da 200 a Italiya ƙarƙashin Bishop Siluan, da yawa a gine-ginen da Katolika suka ba su aro. A nan ake haɗa kuɗin mayar da gawa gida, a ziyarci na asibiti da na kurkuku, a koya wa yara harshen iyayensu. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Amma idan aka tsaya a nan, maƙwabci ɗan Italiya ba zai taɓa sanin ana yi ba, kuma ranar da ake rabon muƙamai da shawarar gari ba za a tuna da su ba.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce ba da jini ta ƙungiyar AVIS, wadda aka kafa a Milan a 1927. Sharaɗi shekara 18 zuwa sama, nauyi aƙalla kilo 50. Ana ɗibar mililita 450, tsakanin bayarwa biyu kwana 90, namiji sau huɗu a shekara, macen da ke cikin shekarun haihuwa sau biyu. Ma'aikaci mai kwantiragi yana da hutun ranar da albashinsa. Abin da ke mayar da mutane gida shi ne ƙarancin jini, da kuma kasa fahimtar tambayoyin likita, don dole mai bayarwa ya gane fom ɗin da kansa. Sai tara abinci na Banco Alimentare, Asabar ɗaya a watan Nuwamba, a tsaya a ƙofar babban kanti awa biyu ko uku ana miƙa wa masu sayayya leda su zuba abincin da za su bayar sadaka. Wannan ya dace da mai ƙarancin lokaci. Motar ɗaukar marasa lafiya kuwa ba wasa ba ce, a Lombardiya horon ya kai awa 120 da jarrabawa, ga kwanan aiki. Masu gini da direbobi sun fi amfani a rundunar agajin gaggawa ta Protezione Civile, kuma doka ta kare musu aikinsu: idan aka kira su a hukumance, har kwana 30 a jere da kwana 90 a shekara, albashi na tafiya, gwamnati ta biya mai kamfani. Wanda ya ɗauki shebur ya tafi da kansa ba tare da rajista ba, ba shi da wannan kariya, ba shi da inshora.

Dokar 2017 da ta tsara ƙungiyoyin sa kai ta fito fili. Ba a biyan ɗan sa kai, ko daga wanda ya taimaka. Abin da ya kashe kawai ake mayar masa da rasit, ko da shaidar bakinsa a rubuce idan bai wuce Yuro 10 a rana da 150 a wata ba. Dole ƙungiya ta yi masa inshorar rauni da ciwo da ɓarnar da zai iya jawo wa wani, ta sa sunansa a rajista. Mutum bakwai sun isa kafa ƙungiya, kuma cibiyoyin CSV, masu tallafa wa ƙungiyoyin sa kai, na taimakawa da rubuta tsarin mulki kyauta. Ƙananan ƙungiyoyin baƙi kan mutu ne ta hanya biyu: kuɗin gudummawa ya shiga asusun shugaba na kansa, zargi ya biyo baya, ko kuma ƙungiya ta zama tsanin siyasar mutum ɗaya. A kuma yi hattara da mai cewa zo ka yi sa kai awa 40 a mako, za mu riƙa ba ka ɗan wani abu. Wannan aikin bayan fage ne aka sauya wa suna.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a mayar da sa kai kuɗin fansar mutunci. A ƙarshen Oktoban 2007, bayan wani ɗan Romaniya ya kashe wata mata a Tor di Quinto a birnin Rum, gwamnati ta fitar da dokar kora cikin gaggawa, jaridu suka shafa wa al'umma guda baƙin fenti saboda laifin mutum ɗaya. Matar da ke wanke tsohon wani kullum ba ta da bashin da za ta biya kafin a gaishe ta. Girgizar ƙasar da ta rusa garin Amatrice a tsakiyar Italiya ranar 24 ga Agustan 2016 ta kashe mutum 299, 11 daga cikinsu 'yan Romaniya ne, a gidaje ɗaya da 'yan gari suke kwance.

Mai ba da jini da mai kwasar laka ya kamata ya kai ga akwatin zaɓe. Ɗan Romaniya mai rajistar zama yana da damar zaɓen magajin gari da kansiloli, yana iya tsayawa takarar kansila, kujerar magajin gari da ta mataimakinsa ne kawai aka keɓe wa 'yan ƙasa. Amma sunansa ba ya shiga da kansa. Sai ya cike fom a ofishin zaɓe na ƙaramar hukuma ya nemi a sa shi a ƙarin jerin masu zaɓe, kuma ana rufe karɓa kwana 40 kafin ranar zaɓe. Kaɗan ne ke yin hakan, yawanci don ba wanda ya gaya musu. Ƙungiyar da ke da mutum biyu masu iya cike fom ta ajiye tebur a ƙofar coci Lahadi uku kafin wa'adin ya cika, da fom ɗin da biro, a ce wa kowa ya zo da kwafin katin shaidarsa.