Kifin nan da kuke tsinewa a WhatsApp ba ya cin mutum

Bidiyon wani ƙaton kifi da ya hangame baki kusa da ɗan kwalekwale yana ta yawo a guruf-guruf na nan Gombe, kowa sai rubuta a'uzubillahi yake wai dodon ruwa ne mai haɗiye mutum. Haba jama'a. Wani kifin teku ne fa da ake kira shak mai shan hantsi (basking shark a Turance), na biyu a girma cikin kifayen duniya kaf, yakan kai mita 8, wasu ma sun wuce 10, amma haƙoransa ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Bakin nan da faɗinsa ya kusa mita 1 tace ruwa kawai yake yi da shi, ruwan ya shiga ya fice ta wasu dogayen tsagu da suka kusa zagaye masa wuya, ƙananan halittun da ke cikin ruwan su maƙale, shi ke nan an ci abinci. Daga wajen watan Mayu zuwa Satumba ake ganinsu a gaɓar Sikotilan da Ayilan da kudu maso yammacin Ingila suna tafiya a hankali, ƙayar bayansu a waje.

To wannan sanyin halin ne ya ja masa. Hantarsa kaɗai takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa kuma cike take da mai, shi ya sa masuntan tsibirin Achill a Ayilan suka yi ta karkashe su dubbai. A Kanada kuwa gwamnati ce da kanta ta ɗaura wa jirgin ruwa wuƙa a goshi a shekarun 1950 ana tsarge su, laifinsu kawai suna faɗawa ragar masunta. Kifin da ba ya haihuwa da wuri ina zai jure wannan? A 2019 aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa.

Abin da ya sa na damu da kifin da ba mu da shi, wa'azi bai cece shi ba, doka ce ta yi aiki, Birtaniya ta hana kama shi tun 1998, Ayilan sai 2022 ta farka. Wani zai ce ai masunci ma yunwa ce ke kai shi ruwa, gaskiya ne, ban ƙi ba. Amma mai jefa raga mai ƙananan ido a dam ɗin Dadin Kowa yana kwashe har ƴaƴan kifin da ba su kai yatsa ba, wa yake binsa bakin ruwa ya duba ragar? A tambayi tsofaffin masuntan wurin rabonsu da kama giwan ruwa babba.