Yadda Hajiya ta cusa Dodona a gora

Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, irin wanda ake tarawa tuli a kasuwar Kejetia ta Kumasi, a Gana. Wata uku na yi ina cika shi, kuma saura ƙiris ya ja a yi mini ruƙiyya.

Ƙanena ne ya janyo mini. Ya dawo hutu daga jami'a zuwa gidanmu na Aboabo da wata 'yar jaka, ya zazzage ta a tabarma. Ƙwayoyi ne irin na ludo, sai dai wata fuskarta 4, wata 8, wata 12, uwarsu kuma 20. Ya ce sunan wasan Dungeons & Dragons, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Tatsuniya ce, amma masu sauraro su ne mutanen cikinta. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya riƙe jaruminsa, ya faɗi abin da zai yi, a wurga ƙwaya. In lamba ta kai, ya yi nasara. In ba ta kai ba, ya sha ƙasa.

Na duba halittun da ke cikin littafinsu: dogaye masu tsinin kunne, gajeru masu gemu da ke haƙar duwatsu, har da wasu masu kan kura da ake kira nol, an zana su kamar sadaukai. Nan na yi dariya. Wanda ya zana wannan bai san kura ba, ita da aka ce ga tsoro ga ban tsoro. Na ce wa ƙanena ya ajiye Turawansa, ni zan gina mana duniyarmu.

Na zana taswira. Tafki zagayayye kamar Bosomtwe a tsakiya, kurmi ta kudu, hanyar fataken goro ta miƙe arewa kamar tsohuwar hanyar Salaga. Sai jinsunan da ɗan wasa zai iya zaɓa: zuriyar Gizo, masu basira amma ba ƙarfi, 'yan ruwa, kuraye, da dangin Botorami. Wani abokinmu ɗan Asante, makanike a Suame, ya ce ba zai zauna ba sai an sa mmoatia, 'yan gajerun dajinsu masu ƙafa a juye ta baya, waɗanda ba sa magana sai fito. Na sa su. Na kuma ɗora Sasabonsam, aljanin dajin Asante mai haƙoran ƙarfe, a kan rimi, ƙafafunsa na reto, yana gadin kurmi. A can ƙarshen duniya na ajiye Dodo, abin alfaharina. Shafi goma sha ɗaya na ba shi shi kaɗai. Makin rai, wanda mu muke ce wa jini, na rubuta masa 200. Na tsara sai an yi wata shida ana wasa kafin a iso gare shi.

Kowane ɗan wasa kuma na zana masa gidaje shida a takarda: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima, kwarjini, kowane gida da lambarsa. Ku riƙe wannan.

Muka zauna a ɗakina daren Juma'a, mu biyar, ana dafa ataya. Ba mu yi nisa ba aka ɗauke wuta, muka kunna kyandir muka sa a tsakiya. Makaniken nan ya ɗauki jinsinsa da gaske, tun da aka fara bai ce uffan ba, sai fito yake yi, da tsakar dare, a gidan Hausawa. Ni kuma na shaƙe murya ina cewa, "Ina jin warin ɗan Adam!" Ƙanena ya yi ihu, "Yaya, jinina ya kusa ƙarewa, saura uku!" Telan layinmu ya ce, "Ku bar shi ya mutu, mu kwashi zinariyar mu gudu."

Ashe Mma, mahaifiyata, tana bayan labule, ta kawo mana ashana.

Da asuba na nemi littafin ban gani ba. Hantsi na yi aka ce ana kira na a tsakar gida. Ga Kawu, malamin makarantar allon unguwarmu, a kan buzunsa. Ga Mma, idonta ya yi ja. Ga Hajiya kakata a gefe tana gurza goro. Littafina da ƙwayoyin suna cikin faranti, an rufe da murfin kwano kamar za su tashi sama.

"Sakawa ka fara?" in ji Mma. Wanda bai san Gana ba, sakawa damfara ce ta intanet da ake haɗawa da tsafi, kuma duk uwar da ke zango tana tsoron kalmar nan fiye da maciji.

Kawu ya yi bismillah ya buɗe. Ya daɗe a kan gidaje shidan nan, yana lissafi da yatsa, ya haɗa ta tsaye ya haɗa ta kwance. Can ya ɗago ya ce, "Wannan hatimin wa ya ba ka? Ko ta ina aka haɗa jimla ba ta fita daidai. In boka ne, ya cuce ka."

Na ce, "Kawu, wasa ne."

"Nawa ake zubawa?"

"Ba a zuba ko kwabo."

"To wa yake ci?"

"Babu mai ci, Kawu. Labari ne kawai ake yi tare."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ƙatti biyar, har ƙarfe biyun dare, ba ci ba riba? Ai ɗan caca ma ya san abin da ya kai shi."

Don a tabbatar, ya sa ƙanena ya karanta littafin da ƙarfi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Matan gida sun bar wanki, yara sun zagaye mu, ana karanta yawan gashin Dodo da abin da yake ci da safe. Da aka zo inda na rubuta cewa Dodo yana iya rikiɗa ya zama ƙato ko ƙanƙani yadda ya so, Hajiya ta ajiye magogi.

"Maigida," haka take kira na, "wannan ne abin da ya hana ka aure? To Gizon naka ma ba Gizo ba ne. Ina tsamin bakin? Ina Ƙoƙi? Miƙo mini dutsen nan."

Na ce, "Hajiya, sai an yi wata shida kafin a kai wurin Dodo."

"A tatsuniyar uban wa? Gatanan gatananku, ga Gizo a ƙofar Dodo. Ci gaba."

Kawu bai hana ba, sai ma ya gyara zama. Dole na shaƙe murya, da rana tsaka, a gaban uwata, na ce ina jin warin ɗan Adam. Hajiya ta lanƙwashe harshe ta ce, "Yanka ya daɗe, shaikin dawa! Gaddama muka yi da Ƙoƙi. Ta ce duk giimanka ba ka iya shiga goyan nan, ni kuwa na ce kana iyawa."

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Na duba doka, wannan rarrashi ne, aikin kwarjini. Na tsuke fuska na ce sai ta samu 19 ko fiye, don na san samun haka sau ɗaya ne cikin goma. Ta jujjuya ƙwayar kamar mai auna gero, ta wurga cikin faranti. Ƙanena ya leƙa, ya dube ni, ya kau da kai.

20.

"Ya shiga," in ji Hajiya. "Na toshe da totuwa. Ƙurunƙus."

Na ce ai yana da jini 200. Ta ce ya sha abinsa a cikin gora. Kawu ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce wa Mma ta kwantar da hankalinta, yaron nan ba shi da aljanu, aikin yi ne ba shi da shi. Fito da dare dai ya haramta shi a gidan nan, ko na mmoatia ne.

An maido mini da littafin, amma ƙwaya mai fuska 20 tana ɗaure a bakin zanen Hajiya. Duk ranar da za mu yi wasa sai na kai mata goro biyu, kuma ita ce Gizo. Jiya ta sayar wa Sasabonsam takalmi, bashi, ta riƙe haƙoransa jingina.