Fankar da na yi wa jana'iza da ranta

Kwamfutar nan tawa ta cinya da kuka sani ta fara rashin mutunci tun ƙarshen Maris. Minti ashirin da kunnawa gefen hagu ya zama kaskon tuya, ta fara jan ƙafa, can ta mutu ɗif ba sallama. Na sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin na'ura: tana zaune ba aikin fari ba na baƙi, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na kan digiri 78, alhali mai lafiya a zaune wajen 45 zuwa 55 take tsayawa. Bidiyo ɗaya na buɗe ta haura 97. A kusa da 100 firosesa ke rage gudu don kar ta ƙone, in abin ya ƙi sai ta kashe na'urar gaba ɗaya.

Ranar Asabar na kwance ta. Na fara zare wayar batir daga madabodi, babban allon da komai ke jone a kansa, sannan ta fanka. Tsakanin fankar da haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, ƙurar hunturu biyu ta daskare kamar guntun bargo, da hantsaki na ɗago ta ɗungurungum. Na danne fankar da yatsa kafin in hura bulowa, don in ka bari iska ta juya ta fiye da kima, gindinta ne zai ci. Na kwance bututun tagullar da ke kwashe zafi daga firosesa, na tarar man da ke tsakaninsu, mai taimaka wa zafin wucewa, ya bushe kamar ƙanzo. Na goge da sifirit, na ɗiga sabo daidai ƙwayar shinkafa, na ɗaure sukurori huɗun bi da bi yadda aka rubuta lambobinsu, 1 zuwa 4. Ni kaina na sara wa kaina.

Da na kunna, sai baƙin allo da saƙon 90B, wato na'urar ba ta jin motsin fanka. Na kara kunne a kafar iska, shiru. Na sa fallen tishu, ko motsi. Minti huɗu ta kai 95. Nan take na yanke hukunci fanka ta rasu, har na sanar a guruf ɗinmu, wasunku ma sun yi mini ta'aziyya.

Litinin na dira Farm Centre, kasuwar wayoyin nan ta Kano, shagon da muke zuwa. Maigidan ba ya nan, sai yaron nan siriri da ko gemu bai fara ba. Na ajiye kwamfuta na ce fanka nake so, mai bolt 5, mai waya huɗu, ga lambarta na kwafo. Ya ce, "Oga, bari in duba tukuna." Na ce ba sai ya duba ba, shekara nawa ina wannan aiki. Da ƙarfi na faɗa, don mutum biyar ne a kan bencin.

Bai tanka ba, ya buɗe. Ya sa tsinke ya tunkuɗa fiffiken, fankar ta juya sumul, ba ƙara ba cijewa. Sai ya tsaya. Ya sa hantsaki ya ɗago wata 'yar waya da ke kwance a ƙarƙashin bututun tagulla, farin kanta na lilo. Bai soka ta nan da nan ba. Sai da ya ɗaga ta sama, ya juya ta wajen haske kamar mai duba zinare, kowa a bencin ya miƙo wuya. Sannan ya tura ta cikin soket ɗinta, ƙyas. Ya danna makunni. Fuuuu. Iskar ma a fuskata ta fara sauka.

"Oga, wa ya kwance maka ita?"

Na ce wani ne.

"Don Allah kar ka ƙara kai masa."

Na ce in sha Allahu.

Duk wannan zan iya haɗiyewa ba don mutumin nan mai caja na ƙofar shagon ba. Shi ne fa da na shigo ya ce in riƙa sa kwamfutar a firij minti goma, wanda raɓar da za ta taru a madabodi kaɗai ta isa ta kashe ta. Shi ne bara ya sayar mini da caja mai wat 45 a matsayin 65, da na dawo ya rantse bai taɓa ganina ba. Wai yau shi ke dariya har da riƙe ciki, yana kiran maƙwabcinsa, "Zo ka ga Injiniya!" Mutumin da bai san bolt da wat ba. Har na hau babur ina jin muryarsa, kuma ban yafe kuɗin cajar nan ba.

Yaron dai dubu ɗaya ya karɓa, ya ce man da aka sa ya yi kyau, ko waye ya sa. Yanzu tana zama a 52, da bidiyo 74. Sukuru ɗaya ya rage a aljihuna, har yau ban gano inda ya fito ba.